Giɓin da Na Yi wa Alaramma

Jiya da hantsi ina wanke hannu na ji ɗayanku yana gaya wa ɗan'uwansa wai cire haƙori ba wani aiki ba ne, allura ce da filaya, in kana da ƙarfin damtse ka gama. Ban juyo ba, don ban so in gane ko wane ne. Dariya kawai na yi, domin maganar tawa ce. Ni na riga ku yin ta da shekara talatin da wani abu, kuma na fi ku iya faɗinta. Tunda yau layi ya ƙare da wuri, ku jawo benci ku zauna ku ji inda ta kai ni.

Kun san ni da Baba Habu na Limawa. Wancan lokacin Habu ne kawai, sabon ma'aikacin haƙori da takardar makaranta a aljihu. Ni ba likita ba ne, ko da yake a ƙasar nan duk wanda ya sa farar riga likita ne, ni kuwa ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara wa kowa ba. Jihar nan tana sabuwa aka tura ni wani ƙaramin asibiti a wani gari tsakanin Ringim da Dutse. Ba zan faɗi sunan garin ba, har yanzu akwai masu tuna ni a can.

Ɗakinmu guda ne, kujera ɗaya wadda ake ɗagawa da ƙafa, da tukunyar dafa kayan aiki a kan risho. Shugabata ita ce Madam Saratu, 'yar Filato, wadda ta daɗe a garin har Hausarta ta fi tawa gishiri. Gajeruwa ce, hannayenta ƙanana. Ranar da na fara ganinta na ce a raina, wannan da me za ta ciri turmin haƙorin ƙato?

Aikina na farko wani maƙeri ne, turminsa na ƙasa ya ruɓe. Na yi masa allura, na kama haƙorin da filaya, na tokare ƙafa, na ja iya ƙarfina. Sai na ji ƙas! Kan haƙorin ya taho a bakin filaya, saiwoyi biyu suka zauna abinsu a cikin ƙashi. Na tsaya ina gumi, maƙeri yana kallona da baki buɗe, don ba shi da damar rufewa. Madam ta ajiye abin da take yi, ta ɗauki ɗan siririn ƙarfen nan da muke sassauta haƙori da shi, ta zura shi a gefe, tana murzawa a hankali tana tambayar maƙerin ina ya sami ƙarfen garma mai kyau bana. Kafin ya gama gurnanin amsa, saiwoyin suna cikin tasa.

Da ya fita ta ce, "Habu, haƙori ba gyaɗa ba ne da za ka tuge. Ka taɓa cire turke a busasshiyar ƙasa?"

Na ce na taɓa.

"Ja ka yi?"

"A'a, girgizawa na yi."

"To haka nan. Ka girgiza gaba da baya har ramin ya buɗe da kansa. Ƙarfin nan naka ka adana shi, za mu buƙace shi ranar ɗaga kujera."

A hannunta na san kayan aiki da gaske. Filayar sama miƙaƙƙiya ce, ta ƙasa mai lanƙwasa kamar bakin aku, kuma ta turmi daban, ta haƙorin gaba daban. Na sama ya fi sauƙin fita domin ƙashin wurin bai kai na muƙamuƙi tauri ba. Bayan allura sai ka jira, ka taɓa dasashi da tsinken ƙarfe ka tambaya ko yana ji, kada ka yarda da namijin da ya ce ba ya ji alhali yatsun ƙafarsa sun nannaɗe cikin takalmi. In haƙori ya fito ka duba saiwarsa ko ta cika. Sannan auduga, a cije rabin awa, ban da kurkure baki ranar, ban da tofar da yawu, ban da kunu mai zafi, ban da zungurar wurin da tsinke. Washegari ruwan ɗumi da gishiri. Za ka faɗa sau uku, mutum ya ce ya ji, ya fita ya tsaya wurin mai shayi.

Amma a duk kayan nan, wanda Madam ta fi ji da shi shi ne ɗan madubin nan mai mariƙi. Ba ta taɓa kama filaya ba sai ta leƙa bayan kowane haƙori da shi, sannan ta juya mariƙin ta ƙwanƙwasa wanda aka nuna mata, ta ƙwanƙwasa na damansa da na hagunsa. Takan ce ciwon haƙori maƙaryaci ne, yana zaune a gida ɗaya yana kuka a gidan maƙwabci. Kafin nan kuma sai ta yi tambayoyinta: hawan jini, ciwon suga, juna biyu, maganin da ake sha, ko an karya kumallo. Kuma ba kowane ciwo take cirewa ba. Wanda ya ruɓe har ƙarƙashin dasashi, wanda yake girgiɗi kamar zai faɗi da kansa, turmin ƙarshe da ya fito a karkace yana tokarar na gabansa, haƙorin nono da ya ƙi ba wa sabo wuri, waɗannan ta yarda. Mai ɗan kogo kuwa ciko za ta yi masa, ko mai shi ya rantse da Allah cirewa yake so.

Ni duk wannan ina ganinsa ɓata lokaci ne. Cikin shekara uku hannuna ya faɗa. Ranar kasuwa benci yakan cika har waje, manoma da Fulani da 'yan tireda, kowa da tsumma a kunci. Mutane suka lura wanda ya zauna a hannun Madam sai ya sha tambaya, wanda ya faɗo hannuna kuwa kafin ya gama bisimilla an miƙa masa haƙorinsa. Suka sa min suna Minti Biyu. Ina wucewa ta tasha 'yan kamasho suna ɗaga min hannu, "Minti Biyu! Likitan likitoci!" Tafiyata ma sai da ta canja. Madubin nan kuwa ya koma abin da nake duba gashin bakina da shi.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki azumi, mahaifiyar Madam ta rasu, ta tafi gida. Aka bar min ɗaki ni kaɗai. Ranar kasuwa ce, benci ya cika, sai na ga mutane suna miƙewa suna ba da hanya. Alaramma Malam Sabo ne. Dattijo ne mai makarantar allo a unguwar gabas, kuma shi ne mai jan baƙi a tafsirin babban masallacin garin, wato shi yake karanto aya, malamin tafsiri ya fassara. Shekara ashirin yana wannan aiki. Daga ƙauyuka ake tahowa a kan keke don a ji muryarsa.

Ya zauna, ya ce, "Likita, kwana huɗu ban runtsa ba. Wannan ne." Ya ɗora yatsa a kan haƙorinsa na gaba, na sama, babban nan na dama. Goro ya rina shi, gefensa ya ɗan ɓantare. Sama da shi a dasashi akwai ɗan ƙurji.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai yanzun nan za ka manta da shi."

Ya ce, "Ba yadda za a yi a bar shi? Da shi nake aiki."

Ku ji fa, mutumin da kansa ya ba ni ƙofa. Da na ɗauki madubi, da na ƙwanƙwasa, da minti ɗaya ya isa. Amma ga jama'a a bakin taga suna leƙe, Minti Biyu zai yi wa Alaramma aiki. Na ce, "Wanda ya tara ƙurji ai ya mutu, Malam. Barinsa shi ne wahala."

Ya ce, "To, kai ka san aikinka. Bismillah."

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Allura biyu, na murza shi dama da hagu, ya zaro sumul. Na ɗaga shi a haske in duba saiwa kamar yadda aka koya min. Fara fat, doguwa, lafiyayya, ba ɗigon ruɓa ko ɗaya. A rayuwata ban taɓa cire haƙori mai kyan wannan ba. Sai a lokacin na ɗauki madubi, wai ina duba rami. Na leƙa bayan ƙaramin da ke kusa da shi, ta wajen ganɗa. Ga kogo nan baƙi ƙirin, ya isa ƙwayar gero ta shige.

Me na yi? Na jefa haƙorin a tasa, na rufe shi da auduga, na ce wa Malam ya cije, ban da kunu mai zafi. Ya yi min addu'a da hannu, ya fita. Na ce, "Na gaba!"

Kwana uku bayan nan, ranar da Madam ta dawo, ko jakarta ba ta ajiye ba sai ga Alaramma, leɓensa na sama ya kumbura har ya tokari hanci. Ta zaunar da shi, ta leƙa da madubi, ta ƙwanƙwasa ƙaramin haƙorin. Malam ya zabura har hularsa ta faɗi. Ta dubi ramin da na bari, ta dube ni.

Ta ce, "Habu, zo waje."

A bayan ɗaki ta ce, "Wanda ka cire, yaya saiwarsa take?"

Na fara kame-kame, na ce ai shi ya nuna min da yatsansa.

"Ban tambaye ka yatsansa ba."

Na ce, "Lafiyarta ƙalau."

"Ka gaya masa?"

Na girgiza kai.

Ta ce, "Ni ba zan gaya masa ba. Ba kuma zan taɓa bakinsa ba sai ya san abin da aka yi masa a ɗakin nan. Shiga."

Na shiga na durƙusa a gaban kujera, da farar rigata da komai. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, haƙorin da na cire maka lafiyayye ne. Mai ciwon yana nan, na kusa da shi ne. Ban duba ba. Kuma tun ranar na gane, na yi shiru."

Ya taɓa giɓin da harshe. Sannan ya ce, "Ana mayarwa?"

"Ba a mayarwa, Malam."

Ya ce, "Jiya na gwada karatu a zaure. Duk inda na zo kan harafin sin sai iska ta fita ta giɓin nan kamar mai kiran tantabara. Ɗalibaina suna sunkuyar da kai don kada in ga suna dariya." Ya juya wajen Madam. "Yanzu shi ma wannan cirewa za a yi?"

Ta ce, "In Allah ya yarda ba za a cire ba, Baba. In aka cire, giɓi ya zama biyu. Yau zan fitar da mugunyar in ba ka magani. In kumburi ya sauka, akwai likita a Dutse da zai huda shi ta baya, ya wanke saiwar, ya cike. Giɓin kuma a yi maka haƙorin roba. Habu ne zai riƙa kai ka."

Kafin la'asar labari ya gama gari. Ba Malam ya faɗa ba, masu leƙen taga ne. Ranar kasuwar da ta biyo, benci ya cika kamar kullum, amma duk wanda ya shigo sai ya tambaya, "Madam tana nan?" In na ce ni ma ina nan, sai ya ce zai jira. A tasha sunana ya koma Habu Maƙwabci. Wani Bafulatani da ya gaji da jira ya yarda ya zauna a hannuna, yana buɗe baki na ga ya shafa wa haƙorin tawada. Ya ce, "Mai baƙin, likita. Sauran duk ina so." Wata tsohuwa kuwa ta ɗora yatsa a kan nata ta ƙi ɗagawa, ta ce in cire a haka. A ƙarshe Madam ta sa aka raba benci biyu, nata da nawa. Nawa akuyar mai gadi ce take kwana a ƙarƙashinsa.

Maganar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masallaci. Na ji dattawa sun fara shawarar ko a nemo wani mai jan baƙi daga Ringim, tunda ba a wasa da harafi a karatun Alƙur'ani. Shekara ashirin ta mutum, ni na zare ta a minti biyu.

Sau uku muna zuwa Dutse da shi a ƙaramar bas, ni a gefen taga ina riƙe masa buta. Likita ya wanke saiwar, ya cike, ciwo ya tafi. Aka cusa masa ƙullun nan a baki aka ɗauki ma'auni, mai haɗa haƙori ya yi masa guda ɗaya a jikin 'yar farantin roba mai manne wa ganɗa. Har launin goro sai da aka ɗan sa masa don ya yi kama da 'yan'uwansa. Gyaran zama kuwa aka ce a yi a wurinmu, Madam ta ce aikina ne.

Gwajin farko ya sa shi, ya gyara zama, ya ja aya. Ya tsaya. Ya ce, "Harshena yana karo da bango." Na cire, na goge bayan robar da ɗan dutsen guga, na mayar. Ya sake ja. Ya ce, "Yanzu sin ta yi kauri." Na rage. Ya ce, "Yanzu harafin fa ne ba ya zama." Na ce masa ni a kunnena duk daidai suke.

Ya ce, "A kunnenka? To faɗi sin in ji."

Na faɗa. Ya dube ni kamar yadda na dubi saiwar haƙorinsa. Ya ce, "A ina ka tsaya a allo?"

Na ce ban yi nisa ba, boko ta ɗauke ni.

Ya ce, "Na ji alama."

Sau bakwai yana zuwa gwajin nan. Kullum da hantsi, lokacin da mutane suka fi yawa. Zai ratso ta gaban bencin Madam, a miƙe ana gaishe shi, ya ɗaga murya ya ce, "Wurin Malam Habu na zo, yana ciki?" Ya zauna a kan bencina shi kaɗai sai na fito na shigar da shi. Ni kuwa kowane zuwa sai in ce a raina yau kuma me ya ɓaci. Na goge robar nan har na fara tsoron za ta huje. Ana jibi azumi ya ce, "To, bar shi haka." Dattawa suka ce za a saurare shi ranar farko, in bai yiwu ba a sake shawara.

Ranar ɗaya ga azumi bayan la'asar na tafi masallaci, na zauna can gefe inda zan riƙa hango bakinsa. Jama'a sun zo jin maganar Allah, ni na zo gadin roba. Addu'ata ɗaya ce, kada ta faɗo a gaban lasifika. Malamin tafsiri ya yi buɗewa. Aka matsa wa Alaramma lasifika. Sai na ga ya juya kai gefe, ya sa yatsu biyu a baki, ya zaro haƙorin nan da na sha wahala a kansa, ya naɗe shi a hankici, ya jefa a aljihu.

Na ce a raina shi ke nan, gobe sai in nemi canjin wurin aiki.

Ya ja aya da giɓinsa a buɗe. Na kasa kunne ina jiran kiran tantabara. Babu. Sin tana fita siririya, tsaf, kamar yadda garin ya saba ji. Wani tsoho kusa da ni ya ce, "Allahu akbar, Malam yana nan." Har aka shafa fatiha babu wanda ya ɗaga kai.

Da aka watse na kutsa na durƙusa a gabansa. Ya riga ya mayar da haƙorin yana gaisawa da mutane. Na jira suka ragu, na ce, "Allah ya gafarta Malam, robar ce take damunka? In zo gida in ƙara gogewa?"

Ya ce, "Kada ka ƙara taɓa ta, ta yi kyau. Ta gaisawa da baƙi ce. Karatu kuwa, tun mako na biyu na samar wa harshena wurin zama a jikin haƙorin hagu. Da asuba nake gwadawa ni kaɗai har ya saba."

Na ce, "To Malam, duk zuwan nan da kake yi, sau bakwai?"

Ya ce, "Na ga bencinka ba kowa. Mutumin da ya durƙusa ya faɗi laifinsa, bai kamata a bar shi da akuya ba." Ya miƙa hannu aka ba shi sandarsa. "Amma ba a banza ba. Sin ɗin nan taka ba ta fita. Bayan salla ka nemi allo ka same ni a zaure."

Bencina bai cika nan da nan ba, sai wajen kaka mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, wasunsu da tawadarsu. Zauren Malam kuwa na je, na zauna a kan buzu da gemuna. Haƙorana talatin da biyu cif a bakina, sai da na yi wata huɗu kafin ya ce sin ɗina ta fita.